Kafin Murya Ta Ɗauke

Talata, 5 ga Satumba, bayan an tashi daga aji

Yau ma murya ta shaƙe mini a tsakiyar darasi. Na kurɓi ruwa, na ce musu hayaƙi ne. Hayaƙin ne kuwa. Tun da rani ya kama ake ƙona daji a hayin kogi, duk garinmu Santarém tari ake yi, har karen maƙwabta.

Osmarino ya ce, "Zuleide, tun damina kike wannan shaƙewar. Hayaƙin nan shekaranjiya ya zo." Na ce masa sannu da aiki, likita. Ya ce shi ba likita ba ne, miji ne, kuma ya yi shekaru yana busa ƙaho a ƙungiyar kiɗan gari, ya san sautin da ya lalace in ya ji shi. Ya dire mini ruwan zuma da lemun tsami, ya koma gadon lilonsa yana cika yana batsewa.

Ba wannan na zauna rubutawa ba. Ajin nake son rubutawa.

Da na ajiye aikin kare marasa gata a kotu, jami'a ta ce in riƙa koyar da dokar tsarin mulki ta intanet, na yi ta ƙunƙuni. Ni da na saba kallon alƙali ido cikin ido, yanzu in zauna ina yi wa kwamfuta wa'azi? Amma har yau, duk sanda allon nan ya buɗe sai tsigar jikina ta tashi. Ƙananan tagogi birjik, kowace da rayuwa a bayanta. Wannan yana bayan kanti. Waccan tana shayar da jariri. Cleidson ɗan sanda yana cikin motar sintiri, hula a kan gwiwa. Baba Anacleto, tsohon malamin firamare da ya rantse ba zai mutu ba sai ya zama lauya ko da na yini ɗaya ne, kullum cikin gogaggiyar riga, ko da yake jikarsa ta tona mana asiri cewa gajeren wando ne daga ƙasa. Sai Jucélia, ma'aikaciyar ƙaramin asibitin Boa Espera, garin da sai ka kwana a jirgin ruwa kafin ka isa. Babu sabis a gidansu, sai ta hau tudun coci ta zauna a kan matakala. Ina kallon sama tana yin ja a bayanta har duhu ya rufe, ya bar hasken waya kaɗai a fuskarta.

Magana ta fita daga ɗakin nan mai ƙaurin soyayyen kifi, ta tsallake daji da ruwa, ta sauka a kunnen yarinya a kan matakalar coci. Ban san yadda ake yi ba. Ba na ma so a bayyana mini.

Talata, 12 ga Satumba, da daddare kaɗan

Yau muka zo kan darasin da na fi so. Habeas corpus ake ce mata da Latin, amma ni tun ina sabuwar lauya takardar fito-da-shi nake kiranta. Duk wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, ana iya rubuta wa kotu a ce ta duba, ta sake shi. Na faɗa musu abin da har gobe yake ba ni mamaki game da ita: ba ta neman lauya, ba ta neman shaidar karatu. Kowa na iya rubutawa, ko a bayan takardar naɗe burodi ne.

Cleidson ya ce, "Malama, rage murya don Allah. In mutanen garinmu suka ji wannan, gobe ofishinmu zai cika da takardun burodi."

Baba Anacleto ya ce, "Au, ashe takarda kuke tsoro? Ni na zaci ku ne masu bindiga."

"Baba, ka sa dogon wando tukuna, sai mu yi magana ta manya."

Aji ya kaure da dariya. Jucélia ce kaɗai ba ta yi ba. Ta matso da fuskarta kusa da waya.

"Malama, kin ce kowa?"

"Kowa."

"Har yayar mutum?"

Sai ta ba mu labari. Ƙanenta Adailton masunci ne, yana da mata da 'ya ɗaya. An kama shi tun kogi yana cike, wai injin kwale-kwalensa na sata ne. Shi ya ce saya ya yi a hannun wani baƙo. An sauya wa alƙalin garinsu wurin aiki, ba a turo wani ba, don haka tun ranar da aka rufe shi bai ga fuskar alƙali ba. Kullum da rana takan kai masa garin rogo da kifi, ta miƙa ta tsakanin ƙarafa.

Ta ce, "To ni zan iya rubutawa? Ni ɗin nan?"

Na buɗe baki in ce mata e. Iska ce kawai ta fito. Na sake gwadawa. Duk tagogin nan suna kallona. Sai na gyaɗa kai da ƙarfi kamar ƙadangare.

Hayaƙi ya yi yawa yau.

Juma'a, 15 ga Satumba, da la'asar

Osmarino ya ci nasara, mun je asibiti.

Likitar 'yar matashiya ce, ina jin na girmi uwarta. Ta zura mini siririn bututu mai kyamara ta hanci, ta juyo allo don in gani, ta ce in ce "iii".

Sai ga su. Wasu 'yan fararen tsoka guda biyu, ba su fi farcen yatsana ba, suna haɗuwa suna rabuwa kamar fiffiken malam-buɗe-littafi. Har na manta da tsoro. Wai duk abin da na taɓa faɗa a duniya daga nan ya fito. Kukan ranar da aka haife ni. "Na yarda" da na ce wa Osmarino a gaban Fada a coci ranar aurenmu. Duk hayaniyar da na yi wa alƙalai, mutanen da na fitar da waɗanda na kasa fitarwa. Daga waɗannan 'yan mitsi-mitsin abubuwa. Allah mai iko.

Na hagun ba ya motsi kamar ɗan'uwansa. Akwai wani abu a kansa. Likitar ta fara magana a hankali, tana zaɓen kalmomi. Na san irin maganar. Ni ma da ita nake yi wa uwar wanda na san ba zai fito ba.

Ranar Litinin za su yanki kaɗan su duba.

A hanyar gida mun tsaya bakin kogi. Ruwa ya janye ƙwarai, jirage na kwance a kan yashi kamar shanun da suka gaji. Osmarino ya saya mini ruwan kwakwa. Bai ce "ai na faɗa miki" ba. Da ma ya faɗa, da na fi jin daɗi.

Litinin, 18 ga Satumba, da yamma

An yi. An ce kar in yi magana kwana biyu. Osmarino ya ce Allah ya amsa addu'arsa ta shekara da shekaru. Ya juya baya yana wanke kofin da yake a wanke.

Alhamis, 21 ga Satumba, bayan aji

Raɗa-raɗa nake yi, sauran in rubuta a akwatin saƙo.

Baba Anacleto ya ce, "Malama, ke da kika san hanya, ki rubuta wa yarinyar nan takardar mana. Minti nawa zai ɗauke ki?"

Na rubuta: A'a. Ajin nan ne zai rubuta, Jucélia ta sa hannu. Wannan ne aikinku na zangon nan.

Na ce musu don su koya ne. Gaskiya ne. Akwai wani dalilin kuma. Takarda irin wannan tana son wanda zai bi sawunta, ni kuwa ban san inda zan kasance nan da wata guda ba.

Cleidson ya sosa ƙeya. "Jucélia, kar ki ji haushina. Na kama ɓarayin inji da yawa, kowannensu a hannun baƙo ya saya. In ya sace ɗin fa?"

Na kai hannu zan rubuta amsa, sai Jucélia ta riga ni.

"In ya sace, alƙali ya faɗa masa a fuskarsa, ya yanke masa abin da zai yanke. Zan ci gaba da kai masa gari. Ba cewa nake bai yi ba, Cleidson. Cewa nake ba wanda ya tambaye shi."

Na janye hannuna daga kan kwamfuta. Na yi shekaru ina neman yadda zan faɗi wannan a taƙaice.

Cleidson ya ce akwai wani da suka yi horo tare yana aiki a ofishin Boa Espera. Zai kira shi ya ji ko za a samu kwafin takardar kamun, don ba ta yiwuwa sai da ita.

Litinin, 25 ga Satumba, da azahar

Sakamakon gwajin ya fito. Ba hayaƙi ba ne.

Litinin ɗin dai, da magariba

Belém, babban birnin jiharmu, za mu tafi. Tiyata za a yi mini, kuma can ne masu yin aikin. Na kira Yaya Dalvina da ke zaune a can ta gyara mana ɗaki, na kasa ƙarasa bayani, Osmarino ya karɓi wayar ya fita tsakar gida da ita.

Na tambayi likita, muryata fa bayan aikin? Ta ce akwai hanyoyi da yawa yanzu, mutane suna koyo. Na ce ba wannan na tambaya ba. Ta ce ta sani.

Na zauna a ƙofar gida ina kallon aku suna komawa makwancinsu, garke-garke, suna ta ihu a sama. Kullum suna wucewa. Ban taɓa tsayawa na saurari yawan surutun da ke cikin duniya ba. Mai sayar da asai, ruwan 'ya'yan itacen nan da muke sha, yana kira. Rediyon maƙwabta. Wata uwa tana ƙwala wa ɗanta kira ya zo ya yi wanka, shi kuma yana amsawa daga nesa ba tare da niyyar zuwa ba. Kowa yana zubar da murya kamar ruwan kogi, ba ya ko waiwaya.

Alhamis, 28 ga Satumba, bayan aji

Muryar ta ƙi sam. Na rubuta darasin a takarda, na zaunar da Osmarino kusa da ni ya karanta musu. Ya sa tabarau, ya miƙe wuya kamar zai yi busa a gaban gwamna.

Ya kashe kalmomin Latin ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya a tsakiyar wani sashe ya ce, "Wannan dokar wa ya rubuta ta? Ba shi da numfashi ne?" Cleidson ya ce, "Malam Osmarino, kai ya kamata su ɗauka tun farko." Baba Anacleto ya ce a ƙarshe ya samu sa'ansa a ajin.

Ina dariya marar sauti, sai na ji ya ajiye takardar.

"Yara, wannan ba ya cikin abin da ta rubuta. Malamarku ba hayaƙi ne ke damunta ba. Mako mai zuwa za mu Belém, za a yi mata aiki a maƙogwaro. Ba ta so ku sani. Ni kuma na gaji da riƙe shi ni kaɗai."

Na take masa ƙafa a ƙarƙashin tebur har sai da ya yi ƙara. Ban iya ɗaga ido na kalli allon ba. Da na ɗaga, ba wanda ya kashe kyamararsa. Mai shayarwar nan ta rufe bakinta da hannu. Baba Anacleto ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga.

Jucélia ta ce, "Malama, mu bar maganar takardar nan sai kin dawo."

Na rubuta da manyan baƙaƙe: ƘANENKI YA CE MIKI ZAI IYA JIRA?

Ban yi wa Osmarino magana ba har yanzu. Wato ban rubuta masa komai ba. Amma na ci abincin da ya dafa.

Lahadi, 1 ga Oktoba, da hantsi

Cleidson ya turo kwafin takardar kamun. Ya ce ogansa ya ji labari, ya kira shi ofis ya tambaye shi tun yaushe ya zama lauyan ɓarayi. "Na ce masa ranka ya daɗe, aikin gida ne aka ba mu a makaranta." An mayar da shi gadin kasuwar kifi har sai abin da hali ya yi. Ya ce ba komai, can sabis ya fi ƙarfi.

Talata, 3 ga Oktoba, bayan aji

Sun gama. Sun yi ta faɗa a kanta duk mako. Baba Anacleto ya cusa mata kalmomi masu nauyi, sauran suka yi ta fincike su. Ya ce sun mayar masa da takarda tsirara. Abin da ya rage shafi biyu ne.

Jucélia ta karanta mana daga matakalar coci. Iska na kaɗawa, wani kare na haushi, hoton yana tsayawa yana tafiya.

"Ni, Jucélia Pantoja Sarmento, ma'aikaciyar lafiya, ina zuwa gaban wannan kotu a madadin ƙanena..."

Na karanta irin takardun nan ba adadi. Na rubuta su ina cin abinci, na rubuta su ina jin barci. Ban taɓa jin kalmomin a bakin wadda ta goyi mutumin a bayanta ba. Da ta zo inda aka kawo sashen tsarin mulki, muryarta ta ƙara ƙarfi. Wasu mutane da ba su san ta ba, a wani babban zaure mai nisa, tun ba a haife ta ba, suka rubuta layin nan suka ajiye. Ya zauna yana jira har yau da ta zo ta ɗauka. Na ji kamar ina cikin coci ana ɗaga gurasa mai tsarki.

Ta gama, ta ce, "Malama, akwai gyara?"

Na tattara duk abin da ya rage mini na ce da baki, "Babu."

Ya fito kamar ana jan buhu a ƙasa. Amma sun ji.

Gobe za ta tura wa babbar kotu ta kwamfutar asibitinsu. Gobe mu ma za mu hau jirgin sama zuwa Belém.

Alhamis, 5 ga Oktoba, Belém, da rana

Gwaje-gwaje. Jini, hoto, jini kuma. Babban likitan ya zana mini hoto a takarda ya nuna inda zai bi. Hannunsa ba ya rawa. Na yi ta kallon hannun.

Jami'a ta ba wani matashin malami ajina zuwa wani lokaci. Na ce to.

Lahadi, 8 ga Oktoba, da yamma

Ranar zagaya gari da mutum-mutumin Uwargida Maryamu a kan keke. Daga barandar Yaya Dalvina na kalla. Na sha gani tun ina yarinya, amma ban taɓa gani daga sama ina shiru ba. Titi ya ɓace. Kawuna ne kawai suke malala kamar kogi a tsakiyar damina, waƙa tana tashi daga can ƙarshen gari ta iso nan kafin ta mutu a can. Ga masu riƙe da doguwar igiyar da ke jan keken Uwargida, ƙafa ba takalmi, a matse kamar kifi a kwando, ana watsa musu ruwa. Kowanne da abin da ya zo roƙo ko ya zo godiya. Mutum nawa ne ke ɗauke da abu a ƙirji a garin nan? Na zaci ni kaɗai ce.

Osmarino ya fita tun asuba wai zai sayo burodi. Sai la'asar ya dawo, ba burodi, ba takalmi, riga a yage, tafin hannunsa duk ya saluɓe.

Yaya Dalvina ta ce, "Kai! Igiyar ka riƙe? Kai da rabonka da coci tun ranar aurenku?"

Ya ce, "Yaya, ban ce na yarda da komai ba. Kar dai a ce akwai ofishin da ban kai takarda ba."

Na wanke masa hannun da ruwan gishiri. Ya yi ta raki kamar yaro.

Talata, 10 ga Oktoba, da la'asar

Wata ma'aikaciyar jinya ta ba mu shawara mu ɗauki muryata a waya, wai mutane kan so hakan daga baya. Osmarino ya kunna, ya riƙe mini a baki.

Na rasa abin faɗa. Ni. Na yi tunanin addu'a, na yi tunanin sashen doka, na yi tunanin in faɗa masa abin da ya riga ya sani. Duk suka yi mini girma.

Na ce, "Osmarino, ka cire yatsanka daga kan makirufo."

Ya duba, ashe kuwa ya toshe shi. Muka yi ta dariya har ma'aikaciyar ta leƙo. Ya ce wannan ya isa, ba ya son wani. Na ce masa sauran a kunne, ba a waya ba.

Jucélia ta turo saƙo. Kotu ta karɓa, ta ba da lamba. Shiru bayan haka.

Gobe da safe za a yi mini aikin.

Asabar, 14 ga Oktoba, ban san ƙarfe nawa ba

Ina nan.

Litinin, 16 ga Oktoba, da safe

Sun cire abin da suka ce za su cire, da ƙari. Likita ya ce ya gamsu. Ta wuya nake numfashi yanzu. Na sa hannu kusa da wurin na ji iska mai ɗumi tana fita tana shiga, ba ta bi ta hanci ba, ba ta bi ta baki ba, kuma ga ni da rai. Jiki bai yi gardama ba. An nuna masa sabuwar ƙofa, ya bi.

Yaya ta shigo da kofi don Osmarino. Na ga tururi. Ban ji ƙamshi ba.

Na yi kuka. Shi ma ba sauti.

Alhamis, 19 ga Oktoba, da yamma

Kotu ta aika Boa Espera tana neman bayani. Jucélia ta rubuto: "Malama, bayani kuma? Ai mun ba su bayani. Adailton ya daina cin garin, yana cewa in daina wahalar da kaina." Na rubuta mata cewa haka ake yi, alama ce mai kyau, wani ya karanta. Ban rubuta mata sau nawa na ga an nemi bayani an kuma manta ba.

Wata mata ta zo, ita ma an yi mata irin aikina shekarun baya. Ta danna wani abu a wuyanta ta ce, "Sannu, 'yar'uwa." Murya ce kamar ta tsohon rediyo. Na ƙura mata ido. Ta ce da farko jikokinta tsoro suke ji, yanzu kuwa roƙonta suke ta yi musu muryar dodo. Ban san ko ina so ba. Amma na riƙe hannunta na ƙi saki.

Asabar, 21 ga Oktoba

Shiru daga kotu. Shiru daga ni.

Talata, 24 ga Oktoba, gidan Yaya, da azahar

An sallame ni jiya.

Ina kwance Osmarino ya shigo da gudu da wayata, tana ta ƙara kamar za ta fashe. Saƙonnin 'yan aji ne, suna hawa kan juna. Sai da na yi ta ja sama kafin na samu na Jucélia. Hoton shafi ɗaya ne, da hatimi.

An ba da umarni a sake shi. Zai jira shari'arsa a gida, ya riƙa zuwa yana sa hannu. Maganar injin tana nan, ba a wanke shi ba. Amma yau zai kwana a ɗakinsa.

Na karanta har sau ban san adadi ba. Wani alƙali da bai taɓa taka Boa Espera ba ya karanta shafi biyu na wata ma'aikaciyar asibiti, ya sa hannu, ƙofar ƙarfe ta buɗe a tsakiyar daji. Na koyar da wannan shekara da shekaru. Na ce wa ɗalibai haka abin yake aiki. Yau na gane ashe ban gama yarda ba.

Cleidson ya rubuta: "Shi ke nan, mun shiga uku. A ɓoye takardun burodi." Baba Anacleto ya rubuta cewa da an bar kalmominsa da tun makon jiya aka sake shi.

Alhamis, 26 ga Oktoba, bayan aji

Matashin malamin ya ce in shigo in gaishe su. Yaya ta ɗaura mini farin gyale a wuya, ta shafa mini jan baki, wai kar in tsorata yaran mutane. Osmarino ya jingina kwamfutar a kan tukunya.

Allon ya buɗe. Suka yi ta tafi, wasu na kiran sunana, jaririn nan ya firgita ya fasa kuka. Na ɗaga musu hannu.

A tagar Jucélia mutum biyu ne a kan matakala. Namijin siriri ne, an yi masa sabon aski, rigar ta yi masa yawa. Wata 'yar yarinya kuma, ina jin 'yarsa ce, ta laɓe a bayan Jucélia tana leƙensa, ba ta yarda ta matso ba tukuna. Yana riƙe da wayar nesa da fuskarsa kamar mai tsoron ta ƙone shi.

Ya ce, "Wacce ce a ciki?"

"Mai farin gyalen."

"Malama, ina wuni. Ni ne Adailton. Yaya ta ce ke kika ce kowa zai iya." Ya gyara riƙon wayar. "Ni ban iya magana ba. Na gode. Allah ya saka."

Na manta. Wallahi na manta. Na buɗe baki na ce masa ba ni ba ce, yayarsa ce, da waɗannan mutanen da yake gani. Leɓena suka yi ta motsi.

Ya kai wayar kunne, ya girgiza ta. "Yaya, ba na jin ta. Sabis ɗin ne ya ɗauke?"

 Jucélia ta sunkuya ta yi masa raɗa. Na ga lokacin da maganar ta shige shi. Ya dubi gyalen, ya dubi fuskata. Ya miƙe tsaye a kan matakalar, har kansa ya fita daga hoton, sai Jucélia ta karɓi wayar ta ɗaga ta bi shi. Ya dafa ƙirjinsa da hannu, ya tsaya haka.

Ni ma na dafa nawa.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Duk tagogin nan, kanti da mota da kasuwar kifi da ɗakunan kwana, ba wanda ya yi ko tari. Ban taɓa jin aji ya yi irin wannan shirun ba, ko a zamanin da nake da muryar tsawatarwa.

Matashin malamin ya ce a hankali, "Malama, ajinki ne. Me za mu yi yau?"

Na jawo kwamfutar. Na yi kuskure na goge, na sake.

Na rubuta: Sashe na shida. Baba Anacleto, karanta mana da ƙarfi.

Ya yi gyaran murya, ya fara.